Agid Ɗin Ranar Alhamis

"Inna, Harisu zai yi agid!"

Haka jikata Ummuhani ta faɗo mini ɗaki, mayafi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya.

"Da ke?"

"Da wata... 'yar Habasha... ranar Alhamis!"

Ni Shatu ban yi makaranta ba, amma agid dai na san shi. A nan Gadarif in an ce agid, aure za a ɗaura. Shekara biyu yaron nan, ɗan Alhaji Sale mai riɗi, yana zama a tabarmata, yana shan shayina, yana ce wa jikata "hasken idona". An kawo gaisuwa, dangi sun sani. Sai wata ukun nan kullum yana kan iyakar Habasha, wai aiki. A kira wayarsa ba ta shiga.

"Wa ya gaya miki?"

"Atine."

Atine 'yar ƙanin Alhaji Sale ce, kuma ba yau ta fara son Harisu ba. Shi ya sa ban yarda ba, na ɗauki sandata sai kasuwar hatsi. Na tarar da Sharu, direban Alhaji Sale, ana loda masa buhuna.

"Sharu, tsakaninka da Allah, Harisu zai yi agid?"

"Ƙwarai, Hajja! Ai ya sha wahala kafin abin ya yiwu. Har manyan gwamnati za su zo, namu da nasu."

"Da wa?"

"Da sharikar Habasha mana."

Sharika. Ko sunan ba daɗin kira!

Ranar Alhamis da hantsi na ja hannun Ummuhani.

"Inna, don Allah ki bari... ni na haƙura..."

"Ke kika haƙura. Tashi!"

Muka shiga zauren taron da Sharu ya kwatanta mini. Sai kaina ya ɗaure. Ba liman, ba mata, ba ƙamshin girki. Tutoci ne a tsaye, da maza cikin kwat kowa da alƙalami. A kan tebur ga ƙananan buhunan riɗi da dawa an ɗaure musu baki da ƙyalle. Na ce a raina, to, ko sadakin ke nan? Alhaji Sale da duk arzikinsa?

Ga Harisu can yana miƙa takardu, har da murmushi.

Na buga sanda a ƙasa.

"Ina Sharika? Ta fito in gan ta!"

Wani ya juya maganata zuwa Larabci, wani ya juya ta zuwa yaren baƙin. Suka dubi juna. Can sai wani dattijo mai sanƙo da tabarau ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya rusuna mini.

Tafinta ya ce, "Hajja, ya ce shi ne."

"Shi ne me?"

"Sharikar."

Na dubi dattijon. Na dubi Harisu. Wallahi har sandar ta nemi ta kuɓuce mini.

Harisu ya taho da gudu. "Inna, sharika kamfani ne! Kamfani! Agid ɗin na riɗi ne. Motocin manoma kan yi sati biyu a kan iyaka suna jiran takarda, ruwa ya daki kaya ya lalace. Yau gwamnatocin biyu da 'yan kasuwa za su sa hannu, mota ta wuce rana ɗaya har bakin teku."

"To ina amaryar?"

"Babu amarya, Inna!"

"Riɗi za ka aura?"

Wasu suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ummuhani yake kallo, ta rufe fuska da mayafi.

"Hani... ke ma kin yarda?"

"Wata uku ban ji muryarka ba..."

"Kin yarda." Ya juya ya koma wajen takardunsa.

Alhaji Sale ne ya raka mu ƙofa. "Hajja Shatu, kin kunyata ni gaban baƙi. Maganar auren nan, kalas, ta ƙare!"

Kwana tara Harisu bai zo ba. Yarinyata ta daina cin abinci, ko kuka ba ta yi, sai zaman shiru. A na goma na tafi gidan Alhaji, na zauna a tsakar gida, na ce ba inda za ni sai an kira Atine. Aka kawo ta gaban Alhaji.

"Me kika ce wa jikata?"

"Ni ce mata na yi zai yi agid da 'yan Habasha..."

"'Yan ko 'yar?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ke kin yi boko, kin san na riɗi ne. Ni ban sani ba. Alhaji, ihun nawa ne, sandar tawa ce. In kunya ce ka ɗora mini, na iya ɗauka. Amma yarinyar me ta yi?"

Ashe Harisu na bayan labule yana ji.

Da la'asar sai ga sallamarsa. Ummuhani ta fito, ta tsaya nesa.

"Kin rame, hasken idona."

"Kai ka ja."

"Na ja. Da na gaya miki da bakina..."

"Da ni ma na jira na ji daga bakinka..."

Na ce, "Ku dai zauna, tsayuwar ta ishe ni kallo."

Alhaji ya sauko, bayan girbi aka ɗaura auren. Mata ba sa zuwa wajen, amma ni na sa aka ajiye mini kujera a jikin katangar masallaci. Liman ya ambaci amarya can ƙasa-ƙasa, ban ji da kyau ba. Na ɗaga murya:

"Malam, da wa?"

"Da Ummuhani, Hajja."

"Maimaita!"

Ya maimaita.