An Zo Ta'aziyya, Kaka Tana Gasa Tattasai

Yara, kwana huɗu ke nan akwai wani hoto a kan teburina. In ɗauka in duba, in ajiye, in sake ɗauka. 'Yata Nevena ce ta ɗauki hoton. Tana jira in faɗa mata yadda na gan shi, ni kuma bakina ya yi nauyi. Ni ban yi karatu mai zurfi ba. Ɗinki nake yi a wata masana'antar riguna a garinmu, kusa da birnin Pleven. Bari dai in faro muku daga farko.

Nevena shekararta goma sha biyu. Bana ta shiga ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta makarantarsu. Malam Zlatev, mai koya musu, ya ara mata wata tsohuwar kyamara. Tun daga ranar babu abin da ya tsira a gidanmu. Kyanwa, tukunya, har takalmin babanta sun sha hoto.

Mahaifiyata, Kaka Donka, za ta cika shekara saba'in. Nevena ta ɗauke ta hoto a lambu, ta zauna gaban kwamfuta tana ta gyara. Ran nan na dawo daga aiki, bayana kamar zai ɓalle. Ina cire takalmi ta zo da hoton a hannu, ta buga shi a takarda.

"Mama, duba. Malam ya ce mu riƙa nuna wa wani kafin mu kafa. Ya ce a faɗa mana gaskiya."

Na ce, "Ya yi kyau."

"Ai ko kallo ba ki yi ba."

"Na kalla mana. Ya yi kyau sosai. Miƙo mini silifas ɗina."

Ban kalla ba. Hankalina yana kan abin da zan ɗora a wuta.

Ashe ta cire launin hoton duka, ya koma fari da baƙi. Ta yanke shi, saura fuska da kafaɗa. Ta zagaye shi da baƙin layi. A ƙasa ta rubuta sunan Kaka da shekarunta. Ranar Asabar da safe ta je ta manna shi a ƙofar gidan Kaka, wai don ta faranta mata.

To, a wurinmu takarda irin wannan a ƙofar gida abu ɗaya take nufi: wani ya rasu a gidan. Kullum Nevena tana wuce irinsu a ƙofofi da jikin itatuwa, amma yaro ba ya tsayawa ya lura.

Da hantsi muka iso, ina ɗauke da gurasa mai cuku. Na tarar da mata uku a ƙofa cikin baƙaƙen kaya. Inna Velichka, maƙwabciyar Kaka, ta rungume ni tana kuka, da furanni a hannunta.

"Sai haƙuri, 'yar nan. Jiya-jiyan nan muka yi cacar baki da ita a kan kazata. Da na sani da na ƙyale ta."

Sai ga ƙofa ta buɗe. Kaka ta fito, hayaƙi na bin ta, hannunta duk baƙin gawayi. Tattasai take gasawa a tsakar gida, na ajiyar lokacin sanyi.

Ta ce, "Me ake rabawa a ƙofata?"

Inna Velichka ta ja da baya, ta yi alamar gicciye. "Donka, ba ki mutu ba?"

"Da na mutu ai ke zan fara aika wa, uwar tsegumi."

Kaka ta juya ta ga hoton. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta karɓi furannin ta ƙirga. Huɗu ne, adadin da ake kai wa mamaci a al'adarmu. Mai rai kuwa, ɗaya ake ba shi, ko uku, ko biyar. Ta zare ɗaya ta soke wa Inna Velichka a aljihu.

"Riƙe wannan. Ukun sun ishe ni tukuna."

Matan suka yi dariya. Inna Velichka kuwa kunya ta koma mata fushi. Ta juya kan Nevena.

"Ke wace irin yarinya ce? Wannan ba hoto ba ne, mugun fata ne. A karɓe abin nan daga hannunta, ba ta iya ba."

Nevena ta juyo, ni ta kalla. A hankali ta ce, "Mama, ke kika ce ya yi kyau."

Da muka koma gida ta sa kyamarar a kwali. Mako guda ba ta taɓa ta ba. Ranar Litinin ta ce za ta mayar wa Malam kayansa. Na nemi izini a wurin aiki na bi ta.

Malam Zlatev ya ji labarin, bai yi dariya ba. Ya ɗora hoton a tebur, ya duba sosai.

Ya ce, "Kin ga hasken nan a gefen fuskarta? Da safe kika ɗauka, ko? Kin iya zaɓen lokaci. Nuna mini na asali, kafin ki gyara."

Ta nuna masa a kwamfuta. Ga Kaka tsaye a lambu, ta rungumo jan tattasai cike da hannu biyu.

"Me ya sa kika yanke hannuwan?"

"Duk sun yi tamoji, Malam. Kuma na ga manyan masu hoto suna yin fari da baƙi."

"Suna yi. Amma kafin ki cire launi, tambayi kanki: a ina za a kafa shi, wa zai gani? A ganina hannuwan nan su ne labarin. Gwada ki bar su, ki bar jan tattasan. Sai katangar baya, ta ɗan karkace. Daidaita ta."

Ta gyara nan take. Na ga uwata sak, kamar za ta yi mini faɗa. Nevena ta yi murmushi, karo na farko a mako guda.

Malam ya dube ni. "Maman Nevena, 'ya yi kyau' ba amsa ba ce. 'Ba ki iya ba' ma ba amsa ba ce. A fara kallo tukuna. A faɗi abin da ya yi daidai da dalilinsa. Sannan a nuna abu ɗaya da za a gyara."

Nevena ta dawo gida da kyamararta. Hoton mai launi yana rataye yanzu a ɗakin girkin Kaka. Darasin da muka koya, ni da ita, shi ne: yabon da ba a duba ba yana cutarwa kamar zagi.

To, ga abin da ya hana ni sakat. Sabon hoton da ke kan teburina nawa ne. Ta ɗauke ni ban sani ba, ina kan keken ɗinki a gida. Ranar Jumma'a za a kafa hotunan ɗalibai a makaranta, duk unguwa za su je.

Ta ce, "Mama, wannan karon ki duba da gaske. Zan iya goge layukan fuskarki a kwamfuta. Amma ki faɗa mini, gyara ne ko ɓatawa?"

Na duba da gaske. Hasken taga ya sauka a hannuna daidai. Babu abin da ya karkace. Aibu ɗaya na gani, kuma ba na hoton ba ne. Idanuna sun faɗa, ga furfura, ga baki a tsuke. Ban san haka na gaji ba sai da 'yata ta nuna mini.

In na ce ta goge, na san ba don hoton na faɗa ba, don kaina ne, kuma na sake yi mata ƙarya. In na ce ta bari, kowa zai tsaya ya ƙare wa gajiyata kallo. Gobe za ta kai wa Malam. Yara, in ku ne Nevena, wace amsa za ku so ku ji daga bakin mamanku? Me zan ce mata?