Lamba Talatin da Bakwai

Hannunta ya fara gani. Ta miƙo kati ta tagar ɗakin magani, bayan hannun duk kirci, fatar ta bushe ta tsattsage. Lamba talatin da bakwai. Da ya ɗago kai ya ga fuskar, sai ya manta abin da zai ce.

Gwamnati ce ta ba asibitin kuɗin gwajin wani sabon man kirci. Mutum ɗari biyu, wata shida. Rabi za su samu maganin gaske, rabi man da babu komai a cikinsa, kuma kowa ya sa hannu ya yarda. Robobin iri ɗaya ne, likitoci ma ba su san na wa ke da magani ba. Mutum ɗaya ne ya sani: shi, mai liƙa lamba.

Ita gyaran gashi take yi a shago, kuma kwastomomi sun fara cewa a ba su wata mai gyaran. Ta sa masa suna Likita, ko da yake ba likita ba ne. Shi kuma Bakwai yake ce mata.

“Bakwai tawa, kin shafa na safe?” ya rubuta mata.

“Na shafa, Likita. Kai ka fi man aiki.”

Ya san nata fanko ne. Ya tura mata hoton zuciya.

A wata na biyu ya kai ta gaida mahaifiyarsa. Hajiya ta amsa da fara'a, bayan sun fita ta sa aka ware kofin da baƙuwar ta sha ruwa. Ya yi bayanin cewa ba a ɗaukar kirci. Hajiya ta ce ai ana gadonsa. In hannun ya warke, a dawo a yi magana. Sannan ta tuna masa Malama, 'yar ƙawarta, wadda ita ma take cikin gwajin, ga shi wuyanta ya washe tas.

Malama ce lamba hamsin da takwas. Benci ɗaya suke zama da Bakwai ranar karɓar magani, ita ce ma ta saya mata safar hannu ta auduga.

Bakwai ta tare shi a barandar asibiti.

“Nawa babu komai a ciki, ko?”

Ya kau da kai, ta ƙara matsowa.

“Na Malama fa?”

Ya ce in aka gane, aikinsa ya tafi, gwajin ma ya rushe. Ta ce ita ba ta roƙe shi komai ba. Da yamma saƙonta ya shigo: “Takarda ce kawai ake liƙawa, Likitana.”

Musanya lambobin robobin biyu ko minti ɗaya bai ɗauke shi ba.

Cikin mako shida hannun Bakwai ya yi sumul. Kircin Malama ya dawo, ya haura har muƙamuƙi. Ɗalibai suka raɗa mata suna, ta ɗauki hutu. Rahoton ƙarshe ya ce bambancin man biyu ya gaza abin da ake nema da kaɗan, gwamnati kuma ba ta sabunta kuɗin ba. Ya karanta shafin sau ɗaya, bai sake buɗe shi ba.

Hajiya ta kai hannun Bakwai bakin taga, ta jujjuya shi kamar mai duba yadi, ta ce alhamdulillahi, a sa rana.

Ranar aure Malama ta zo da wuri, ta ja gyale har haɓa. A jakar amarya saura roba ɗaya, takardar talatin da bakwai a sama, ta hamsin da takwas a ƙarƙashi. Malama ta kama hannayen amarya biyu, ta daɗe tana kallo.

“Ke dai man ya karɓe ki, ƙawata. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu lafiyar fata. Likita, ka riƙe mana ita amana.”

Ango ya ce amin. Amarya ma ta ce amin, muryarta ta fi tasa fitowa.