Rimot Ɗin da Ya Yi Shiru

Wata rana da yamma Kawu ya shigo gida da kwali a hammata. Kawu ƙanin Mama ne, aikinsa gyaran talabijin da rediyo. Ko kwalin bai ajiye ba, yara biyu suka yi masa caa.

Babbar yarinya ce 'yar aji biyar, mai son a ce ita ce ta ɗaya a komai. Ƙaramin kuwa Auta ake ce masa, shi kuma yana kiranta Yaya. Auta ba ya ji. Wani zazzaɓi ne ya tafi da jinsa tun yana ƙarami. Yana magana kaɗan-kaɗan, sauran kuma da hannu ake yi masa.

"Kawu, mene ne a ciki?" in ji Yaya.

"Na'urar gem ce. Tsohuwa na samu, na gyara muku. Amma kafin mu kunna, ku zo ku ga cikinta."

Ya ɗora ta a kan teburin falo. Ya zaro sukudireba daga aljihu, ya kwance murfin. Yaran suka leƙa, har kawunansu suka yi karo.

A ciki akwai wani koren allo mai siraran layuka, kamar titunan gari in an hango su daga sama. Kawu ya nuna wani ɗan baƙin abu da bai kai tafin hannun Auta ba.

"Wannan ita ce ƙwaƙwalwarta. Kafin ki ƙifta ido, ta gama lissafin da ajinku duka ba zai gama a shekara ba."

Yaya ta zaro ido. "Har da malamin lissafi?"

"Har da shi. Amma kada ki gaya masa ni na faɗa."

Kusa da ƙwaƙwalwar akwai 'yar fanka. Kawu ya ce yawan tunani yana sa ta zafi, shi ya sa aka yi mata fankarta ita kaɗai. Ya nuna musu ma'ajiya, wadda ke tuna inda mutum ya tsaya a wasa ko da wuta ta ɗauke. Ya nuna bakin da ke haɗiye faifai. Ya ɗaga wata waya guda ɗaya tak, ya ce ita ke kai hoto da sauti zuwa talabijin. Duk abin da ya faɗa wa Yaya, sai ya juya ya maimaita wa Auta da hannu.

"Ikon Allah," in ji Mama daga ƙofar kicin. "Duk wannan a cikin abin da bai fi littafi girma ba?"

Kawu ya mayar da murfin, ya miƙa wa kowa rimot. Babu waya ko ɗaya a jikinsu, amma da Yaya ta danna maɓalli, sai na'urar ta amsa daga can gefen ɗaki.

Wasan tseren motoci ne. Titi ya bayyana a talabijin, an yi ruwa, har inuwar motocin ana gani a ƙasa. Yaya ta saki baki, ta manta ba ta rufe ba.

Ana fara gudu, Auta ya ƙwala ihu.

"Yana magana! Rimot yana magana!"

Kawu ya yi dariya. Ya ce a cikin kowane rimot akwai ƙananan injina biyu, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. In mota ta hau tsakuwa, su yi rawa gir-gir-gir. In wata mota ta taho ta baya daga hagu, ɓangaren hagu ne zai girgiza. In injin motar ya ƙure, su yi kakkarwa a hankali.

Auta ya rungume rimot ɗin da hannu biyu.

"Na ji! Mama, na ji mota!"

Mama ta juya ta koma kicin, tana goge ido da gefen zani. Ta daɗe rabonta da jin wannan kalmar daga bakinsa.

Daga ranar Auta ya zama gwani. Motar Yaya ba ta isa ta lallaɓo ta bayansa ba, sai ya ji ta a hannu ya tare hanya. Ya ci ta yau, ya ci ta gobe, ya sake cin ta jibi. In ya ci kuma sai ya tashi ya taka rawa a gabanta. Wannan rawar ce ta fi ƙona wa Yaya rai.

Wata rana bayan makaranta, Auta ya fita wanke hannu. Yaya ta shiga wurin saiti tana dube-dube. Ta ga inda ake ƙara haske, ta ga inda ake rage sauti. Can ƙasa sai ga inda ake kashe girgizar rimot. Ta waiga, ba kowa. Ta danna.

"Ai ni da kunnena," ta faɗa a ranta. "Sau ɗaya kawai, in rama."

Auta ya dawo, aka fara. Motar Yaya ta zo ta bayansa fuu, ta wuce, bai ma san ta zo ba. Yaya ta ci. Ta sake ci. Ta tashi ita ma ta taka tata rawar.

Auta bai kalle ta ba. Rimot ɗinsa yake juyawa. Ya jijjiga shi, ya kara shi a kumatu. Ya karɓi nata ya gwada, shi ma shiru. Sai ya mayar mata, ya tambaye ta da hannu.

"Yaya, ke kina jin yana motsi?"

Da a nan ta faɗi gaskiya, da magana ta ƙare. Amma daɗin cin bai sake ta ba. Ta gyaɗa kai, alamar e.

Auta ya ajiye rimot ɗin a hankali, ya fita.

Da farko Yaya ta ɗauka fushin wanda aka ci ne. Amma da ta leƙa kicin, sai ta gan shi ya dafa firji da hannu biyu, ya rufe ido, yana gwada ko zai ji motsinsa. Daga nan ya je ya tara yatsu a ƙarƙashin famfo. Aka kira shi cin abinci, ya ƙi.

Mama ta durƙusa a gabansa. "Auta, me ya same ka?"

Ya miƙa mata hannuwansa, hawaye na zuba.

"Mama, su ma sun fara mutuwa. Kamar kunnena."

Mama ta tashi tsaye. Ta ɗauki mayafi da makullin gida.

"Ina za mu, Mama?" in ji Yaya.

"Asibiti. Haka kunnensa ya fara. Ƙananan sauti ne suka fara ɓace masa, muka ce ba komai. Wannan karon ba zan tsaya jira ba."

Yaya ta kalle ta. Ba ta taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar Mama ba. Ta riƙe gefen mayafin, ta fashe da kuka.

"Mama, hannunsa lafiya lau. Ni ce na kashe girgizar. Ya tambaye ni, na ce ina ji, alhali ba na jin komai."

Mama ta tsaya tana kallonta. Ba ta yi tsawa ba. Yaya kuwa ta so a ce tsawar aka yi mata, da ya fi sauƙi.

"Saboda me?"

"Ina so in ci."

"Ke kina da kunne biyu, kina da hannu biyu," in ji Mama. "Shi ta hannun nan kaɗai yake ji. Ba girgiza kika kashe ba, kunnensa kika kashe. Je ki gaya masa da kanki. Kuma ba ke ba gem sai ranar da shi ya kira ki."

Yaya ta je ta tsuguna a gaban Auta. Ta yi masa bayani duka da hannu. Ta ja shi falo, ta nuna masa wurin saitin, ta kunna girgizar a gabansa. Ta sa masa rimot a hannu, ta tura motar kan tsakuwa.

Gir-gir-gir!

Auta ya zabura. Ya kalli hannuwansa, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya. Ya yi dariya, hawaye bai ma bushe ba. Sannan ya tuna, ya ɗaure fuska, ya juya wa Yaya baya.

Kwanaki suka wuce. Auta yana wasa shi kaɗai, Yaya tana zaune a bakin ƙofa tana kallo. Ba ta roƙa ba, don ta san ba ta da bakin roƙo. Ita dai takan sa masa rimot ɗin a caji, ta goge ƙurar da ke bakin fankar.

Ran da Kawu ya sake zuwa, aka ba shi labari. Ya girgiza kai.

"'Yata, mutanen da suka ƙera wannan abu sun sha wahala don kowa ya samu ya yi wasa. Wanda ya ci ta hanyar cutar wani bai ci komai ba. Ƙarya kuma, ko 'yar gyaɗa kai ce, tana iya tsorata gida guda."

"Na gane, Kawu," in ji Yaya a hankali.

Auta yana kallon fuskokinsu. Can sai ya ɗauko rimot na biyu, ya miƙa mata. Amma kafin ta zauna, ya je ya rage sautin talabijin har ƙasa. Falon ya yi tsit.

"Yau irin nawa za ki yi," ya ce da hannu.

Aka fara tsere. Babu ƙarar inji, babu kiɗa. Da farko Yaya ta rikice, ta yi ta karo da bango. Sannan ta natsu. Sai ta ji wani ɗan motsi a tafin hannunta na dama, yana ƙaruwa, yana ƙaruwa. Motar Auta ce ke tahowa. Tsigar jikinta ta tashi.

"Auta, na ji ka! Wallahi na ji ka a hannuna!"

Ta juya don ya ga bakinta, ta maimaita. Kafin ta juyo, ya wuce ta fuu, ya ci.

Auta ya tashi zai taka rawarsa. Ya yi taku biyu, ya tsaya, ya miƙo mata hannu. Yaya ta kama, suka taka tare, har Mama ta leƙo ta ce za su fasa mata teburi.