Turaren da Iya Ta Tafi da Sirrinsa

"Kashe kaskon nan, Zakiyya!"

"Haba Abban Aliya, minti biyar kawai... yanzu haɗin ya fara kamawa!"

"Shekara biyu kina cewa minti biyar!"

Mijina Nazir na tsaye a bakin ƙofa, 'yarmu Aliya a kafaɗarsa, numfashinta na fita da ƙara kamar usur. Daga asibiti suke. Ni kuwa ban bi su ba, wai kada turarena ya ƙone.

Tun da mahaifiyata Iya ta rasu ba ta bar mini sirrin turaren wutarta ba, na rasa sukuni. Yau in ƙara kajiji, gobe in rage farce. Matan unguwarmu ta Kara-Kara na rububin turarena, ni kuwa in shinshina in ture. Ba na Iya ba ne.

"Lokotoro ya ce hayaƙi ke shaƙe ta. Karo na uku ke nan!"

"To ai sai in koma tsakar gida..."

"Labule, katifa, har tuwon da muke ci turare yake! Ina son ki, ruhina, Allah ya sani. Amma ba zan binne ɗiyata saboda ƙamshi ba. Garinmu Gaffati zan kai ta, wurin Hajiyata."

Taurin kai ya hana ni roƙo. Ina kallo suka fita.

Kwana uku ina safa da marwa tsakanin kasko da kwalabe, abinci ma sai na tuna. Rana ta huɗu da hantsi na daka busasshen ɓawon lemo na barbaɗa a haɗin. Hayaƙin na tashi na shinshina. Shi ne! Ɗakin Iya sak, har mayafinta na sallah!

"Aliya! Zo ki ji ƙamshin kakarki!"

Shiru. Na juya, takalminta ɗaya ne kawai a ƙarƙashin kujera. Na durƙusa na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar zaman makokin Iya.

Kafin azahar kabu-kabu ya sauke ni a Gaffati. Na tarar da Aliya tana bin kaji da gudu, babu tari ko ɗaya.

"Mama!"

Ta sheƙo da gudu. Saura taku biyu ta ja birki, ta toshe hanci, tari ya sarƙe ta. Sai ta koma ta ɓuya a bayan kakarta.

Wallahi da mari aka yi mini ya fi sauƙi.

Hajiya ba ta yi mini faɗa ba. Zanenta ta miƙo mini da sabulu.

"Je ki yi wanka, ɗiyata. Iya da ta tafi, addu'a take so."

Da na fito, Nazir na zaune a kan turmi.

"Na samo haɗin," na ce. "Amma na bar turare har abada."

"A'a, ban ce ki bari ba. Sana'arki ce, gadonki ne. Duk ran Asabar ki je Birni gidan gwaggonki Zainaba ki haɗa turarenki, ki yi wanka, ki dawo mana."

Aliya ta matso a hankali, ta shinshina wuyana, sannan ta haye cinyata ta lafe.

"Mama, kada ki tashi," ta ce. "Na daɗe ban zauna a nan ba."