Gwaggo Ta Samu Birki

"Birki! Taka birki, ɗan banza!"

"Na taka, Oga! Ga ƙafata har ƙasa!"

Akori-kurar ta ci gaba da gangara kamar ba da ita ake ba. Rana ce tsaka. 'Yan fashi huɗu sun fito daga shagon wayoyin hannu, sun loda kwalaye, sun tsere lafiya lau, ba wanda ya bi su. Abin da ya rage kawai su tsaya. Sitiyari, direbansu, ya ɗaga ƙafa ya sake dannawa, ya sake, yana ta famfo. Kwanar maɓoyarsu ta zo ta wuce.

"Ga kwanarmu can!" in ji Oga Tumbi, gumi na zuba daga haɓarsa.

"Na gan ta, Oga. Gwaggo ce ba ta gan ta ba."

Gwaggo ita ce motar. Sai ga rami a tsakiyar titi. Gwaggo ta faɗa ciki, ƙarfe ya daki ƙarfe, kwalaye suka tashi sama. Kwarkwata da Mai Tabo, waɗanda ke zaune a baya, suka rungume juna suna salati. Wayoyi suka watse a titi, jama'ar unguwa suka yi ta tsinta suna sa wa masu motar albarka. Tulin yashin wani magini ne ya tsayar da su a ƙarshen gangara.

Da yamma suka taru a tsohon gidan buga bulo inda suke ɓuya. Oga Tumbi ya zauna kan bulo, ya cire riga yana matse ta.

"A kai ta wurin 'yan gwangwan su yanka ta," ya ce. "Ni da na shekara ina aikin nan, ban taɓa yi wa unguwa rabon sadaka ba sai yau."

Sitiyari ya dubi motar. Gwaggo ta mahaifinsa ce. A cikinta ya koyi tuƙi yana ɗora matashi kan kujera don ya hango hanya, a bayanta aka kai gawar mahaifin nasa makwanci. Ba shi da mata, ba shi da fili, ko agogon kirki ba shi da shi. Ita kaɗai ce abin da zai nuna ya ce nasa ne. Fashin ma saboda ita aka ɗauke shi, don shi ko kaza bai iya tsoratarwa.

"Oga, ka yi wa girman Allah. Injinta lafiyayye ne. Birki ne kawai, da shokozoba."

"Da esi."

"Esi kuma, Oga?"

"Esi na ce! Na'urar sanyi! Gaban motar nan ko ɗanyen kifi aka ajiye sai ya gasu. Ka gyara ukun nan, ko a yanka ta."

Washegari Sitiyari ya lallaɓa da ita garejin kawunsa. Kawu tsohon bakanike ne mai faɗa, kuma a saninsa ɗan ƙanwarsa bulo yake ɗauka. Ya cire tayar gaba, ya duba.

"Kai yanzu da wannan kake yawo cikin mutane?"

"Ana maneji, Kawu."

"Maneji? Takalmin birki ya cinye, ƙarfe ke gugar ƙarfe. Bututun mai ya yi tsatsa, da farce zan huda shi. Ba birki ke tsayar da kai ba, addu'ar uwarka ce." Ya miƙe yana goge hannu. "To esin fa? Bulon ne ya ce zafi ya dame shi?"

"Mai kayan ne ba ya son gumi."

Aiki ya kankama. Kawu ya sa sababbin faifan birki masu faɗi a gaba, ya canja takalma da bututu kakaf. Ya zaunar da Sitiyari a kujerar direba, shi kuma ya kwanta a ƙasa yana fitar da iska daga man birki. "Taka! Riƙe! Saki! Na ce riƙe, kunnen ƙashi!" Ya cire matattun shokozoba ya sa dogaye masu ruwan ɗorawa, ya ƙara wa sifirin baya ganye, Gwaggo ta miƙe tsaye kamar an cire mata ciwon baya. Kwamfiresan esi kuwa daga wata motar da ta yi hatsari ya ciro shi, ya yi masa mazauni da walda, ya ja bel, ya ɗura gas.

Ranar da aka gama, Sitiyari ya rufe gilasai ya murɗa maɓalli. Sanyi ya bugi fuskarsa. Idonsa ya kawo ruwa, don ya tuna yadda tsohonsa ke tuƙi da tawul a wuya har ya bar duniya.

Kawu ya ƙwanƙwasa gilashi. "Abu biyu. Injin nan tsoho ne, in za ka hau tudu kashe esi, ba zai iya jan biyun ba. Birki kuma ka manta da famfon nan naka. Ka taɓa shi kamar kana taka ƙwai."

Tun daga ranar Sitiyari ya zama wani mutum. Ya wanke ta safe da yamma. Ya hana Kwarkwata shan taba a kusa da ita. A hanyar komawa gidan bulo yara suka bi ta da gudu, masu babura suna waige. Sitiyari na ta washe baki. Oga Tumbi ya tsaya a ƙofa yana kallon masu kallonta, bai yi dariya ba. Ya kira Mai Tabo gefe suka yi ƙus-ƙus.

Aiki na gaba wani sito ne na baturan sola, a bayan gari, lokacin da ma'aikata suka fita cin abinci.

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Kowan mutum biyu ne, mai sito da mai gadinsa. Mai gadi ya riga umarnin kwanciya. Kwarkwata da Mai Tabo suka shiga jidar batura, Oga Tumbi na tsaye da bindiga, Sitiyari kuma na bin su a baya yana roƙo.

"A hankali! Kar ku jefa, fenti ne! Mai Tabo, ɗora a tsakiya, nauyi ya daidaita!"

Mai sito, wanda ke kwance kumatunsa a siminti, ya ɗan juya ido. Daga inda yake ƙarƙashin Gwaggo yake hangowa, shi kuwa mutum ne mai cutar son mota.

"Ɗan'uwa," ya ce da raɗa, "don Allah shokozoban nan a ina aka sa maka?"

Fuskar Sitiyari ta yi haske. Ya durƙusa. "Ka gan su ko? Ai sifirin ma an ƙara—"

"Shiga mota!" Oga Tumbi ya daka tsawa. "Ko katin gayyata za ka ba shi?"

Suka fita a guje. Kafin ƙurarsu ta kwanta mai sito ya kira caji ofis, kuma aka yi rashin sa'a motar sintiri na kusa, da wani sufeto a ciki.

"Lambar motar?" in ji sufeto.

"Wa ke duba lamba, ranka ya daɗe? Tsohuwar akori-kura ce, doguwa kamar raƙumi, ƙafafunta ruwan ɗorawa. Babu irinta a garin nan. In kun kama su ku tambayar mini bakaniken."

Sufeto ya faɗa mota, ya ja ƙofar da igiyar da aka ɗaure ta da ita. "Kofur, taka!"

A hanyar kogi Gwaggo na shawagi. Ramuka na zuwa suna wucewa, ba wanda ya ji su. Oga Tumbi ya ƙure esi, ya buɗe maɓallan riga, ya lumshe ido. Sai jiniya ta taso daga baya, ga kuma tudu a gaba. Gwaggo ta fara nishi.

"Oga, zan kashe esi."

"Taɓa ka gani."

"Ba za ta ja ba, Oga! Ga batura, ga tudu!"

"Na sha zafi shekara da shekaru. Taka totur!"

Haka suka hau tudun nan, Gwaggo na rarrafe, motar 'yan sanda na rarrafe a bayanta tana tari da baƙin hayaƙi. Wani mai keke ya wuce su duka biyun. Kwarkwata na dukan rufin mota yana ihu, "Sun matso! Ina ganin gashin bakin sufeto!"

Sitiyari ya duba madubi. Bai kula da sufeto ba. Abin da ya gani jarka ce a hannun Mai Tabo, ya rungume ta kamar jariri, ruwan cikinta ja-ja. Fetur ne. Gwaggo kuwa dizal take sha.

"Oga, fetur ɗin can na mene ne?"

Sanyi ya saki bakin Oga Tumbi. Ko ido bai buɗe ba. "Akwai wata mota na jiranmu a bakin kogi. Mu juye kaya, mu cinna wa wannan ashana."

"Wace wannan?"

"Gwaggonka mana. Ka mayar da ita amarya, kowa ya san fuskarta. Zan saya maka babur."

Sun kai ƙoli, gangara ta buɗe, Gwaggo ta ɗauki gudu. Sitiyari ya hango abin a zuciyarsa. Ya ga wuta na cin kujerar da tsohonsa ya zauna, ya ga sabon bel na narkewa. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Ya ɗaga ƙafar dama, ƙafar da ta saba faɗa da mataccen birki, ya sauke ta da dukkan ƙarfinsa.

Ƙiiiiii!

Gwaggo ta kafe wuri ɗaya. Kwarkwata ya tashi sama—ya haye rufi—ya sauka cikin gonar wani. Mai Tabo ya bi shi da jarkarsa. Oga Tumbi ya kai wa gilashin gaba sumba, bindiga ta sulale ƙarƙashin kujera.

"Kofur, birki!" sufeto ya yi ihu.

"Babu, yallaɓai! Tun bara na faɗa!"

Motar 'yan sanda ta kauce, ta wuce su fuuu, jiniya na kuka, ta gangara har ƙasa ta nutsa cikin taɓon bakin rafi.

Hanya ta yi tsit. Oga Tumbi ya ɗago, hannu a baki, ya hango 'yan sanda can nesa suna fitowa ta taga. "Allah ya ba mu! Juya, Sitiyari! Juya mu tafi!"

Gaskiya ne, da ya juya da sun tsira. Sitiyari ya kashe esi, ya kashe inji, ya zare makulli ya jefa a aljihu. Ya fita ya ɗauki jarkar da ke tsiyaya a bakin hanya, ya kai ta can nesa ya ajiye. Ya dawo ya zauna kan bamba.

"Ka haukace? Ɗaurin shekaru ne fa!"

"Na sani, Oga." Ya nuna da yatsa. "Dubi yadda ka tsaga mata gilashi."

Oga Tumbi ya gwada gudu. Sufeto, taɓo har gwiwa, takalmi ɗaya a hannu, a tafiya ya kamo shi.

Oga Tumbi ya bar haƙoran gaba biyu a kan hanyar kogi. Mai Tabo ya ƙara tabo. Kwarkwata ya karye a hannu, mai gona kuma ya ƙara masa da sanda saboda shukar da ya kwantar. Dukansu alƙali ya ba su shekaru masu yawa, har Sitiyari, ko da yake an rage masa don shi ya tsaya da kansa. Kawu ya zo kotu, ya zauna a baya. Da aka fito da su ya dubi ɗan ƙanwarsa ya ce, "Bulo ko?" Bai ƙara kalma ba, kuma wannan ta fi wa Sitiyari hukuncin alƙali ciwo.

Gwaggo kuwa hukuma ta riƙe ta. Da yake motar sintiri ba ta sake tashi ba, a bayan Gwaggo aka loda su zuwa gidan yari, da ankwa a hannu. Sufeto na gaba ya rufe gilasai, yana gyangyaɗi cikin sanyi.

A ƙofar gidan yari aka sauke su. Sitiyari ya tsaya ya dafa bodinta da hannayensa biyu ɗaurarru, har sai da gandiroba ya ja shi. Ba zai sake tuƙa ta ba, ya san haka, kuma ya ji zafin abin har cikin ƙashinsa. Amma tana nan da ranta.

Kofur ya tayar da ita, ya nemi giya. Gurrr! Ya sake nema. Gurrr!

Sitiyari ya fizge, ya manna fuska a ƙarfen ƙofar da ake turowa.

"Kofur! Kulochi har ƙasa! Kar ka tilasta mata, jira ta karɓa da kanta!"

Ya kasa kunne. Sai ya ji giya ta shiga sumul, injin ya ja a hankali, ta biyu ma ta shiga ba ƙara. Ya saurara har sautin ya ɓace, sannan ya juya ya ce wa gandiroba, "To, mu je."