Ƙwan Kirinjijiya a Tafkin su Barira

Barira na suyar kifi a bakin tafkin garinsu, kusa da Durum, ta hango wani saurayi tsundum cikin laka, da madubin hangen nesa a wuya. Sha'ibu ne, ɗalibi daga Damagaram, an turo shi ƙidayar tsuntsaye. Ta ce masa ba nan kirinjijiya ke ƙwai ba, ya zagaya arewa cikin ciyayi. Ya tafi, ya dawo yana haki, ya ƙirgo sheƙa talatin. Murna ta sa ya saye kifinta kaf.

Tun daga nan kowace Laraba yana tafe, sauran ranaku kuwa sai mesaj: "Gimbiyar tafki, yau a aji ba abin da na ji. Hankalina na gindin kaskonki."

Sai Sallau mai garka, wanda ya daɗe yana sonta, yana kuma son kafa inji ya janye ruwan tafkin, ya faɗa wa mahaifinta Sama'ila, babban masunta, cewa baƙon zai sa a zagaye tafkin da waya, a kori kowa. Sama'ila ya hana ta kula shi. Barira ta sha kuka, gani take da hannunta ta nuna wa Sha'ibu hanyar raba su da abincinsu. Ta rubuta masa: "Ashe abin da ya kawo ka ke nan?"

Amsa ta zo nan take: "Ranar Asabar ki zo meri, ofishin magajin gari, tare da Baba, ki ji da kunnenki, masoyiyata."

Ranar, gaban jama'a, Sha'ibu ya baje taswira. Gefen arewa kaɗai za a bari wata uku, lokacin ƙwai, kuma can ne kifi ke hayayyafa. Sauran tafkin na masunta ne da masu ɗiban ruwa, 'yan lakwal ma su zo kallo daga makarantunsu. Janye ruwa da inji ne aka hana. Ya ce ilimin wurin daga 'yar Sama'ila ya samo shi.

Sama'ila ya daɗe yana duban taswirar, sannan ya ce, "Haka kakana yake yi. Yaro, ka turo magabatanka."

Barira ta rufe fuska da gyale, dariya na ƙwace mata.

Bayan girbin gero aka ɗaura aure, masunta suka ciyar da gari da kifi. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.