Kwanon 'Yar Mai Koko

Can da, a wani gari, an yi wata mai koko a bakin kasuwa. Da ruwa ɗaya take ɗauraye kwanukanta tun safe. Wannan ya sha, ta tsoma, wancan ya sha, ta tsoma, har ruwan ya yi kauri.

Ran nan 'yarta ta zo da yunwa, ta ɗauki kwano. Uwar ta fizge, ta ce, "Ajiye, kar cikinki ya ɓaci. Bari in wanke miki da sabulu."

Wata tsohuwa da ke ba jikanta koko ta ɗago kai, ta ce wa mai koko, "'Yar nan, shi nawa ba shi da ciki ne?"

Mai koko ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta karɓi kwanon yaron, ta zubar da ruwan ɗaurayar, ta nufi rijiya kai a sunkuye.